Ruwan majema da haƙƙin maƙwabta: abin da na koya a Challawa

Kamfanin jimar fatun da nake yi wa aiki a rukunin masana'antu na Challawa, cikin ƙaramar hukumar Kumbotso a Jihar Kano, ya daɗe yana ganin ya sauke nauyin jama'a muddin ya raba shinkafa da sukari da azumi, ya kuma haƙa rijiyar burtsatse a wani ƙauye. Lokacin da aka damƙa mini sashen kula da haƙƙin jama'a, masu sayen fatunmu a Italiya sun fara neman shaidar Leather Working Group, ƙungiyar da aka kafa a 2005 domin tantance majemu, kuma masu bincikenta ba su damu da yawan buhunan da aka raba ba. Abin da suke bi shi ne ruwan da ya shiga, da sinadaran da aka zuba masa, da inda ya nufa bayan ya fita.

Da ƙafa na fara aikin, na bi magudanarmu daga bayan katanga har inda take gangarawa wajen kogin Challawa. Ruwan shuɗi-shuɗi ne, da kumfa a samansa, ga wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai, amma duk da haka masu noman rani sun dasa injinan ban ruwa a bakinsa suna shayar da alayyafo da latas. Wani dattijo ya nuna mini ƙafafunsa da suka tsattsage, ya ce mini rijiyar da muka haƙa sun gode, sai dai lambunsa ba daga rijiya yake sha ba. Wannan magana na kai wa shugabannin kamfani kamar yadda na ji ta, domin a ganina wanda ya ɓata wa maƙwabcinsa ruwa ba shi da bakin kiran abin da ya ba shi kyauta.

Gyara na farko shi ne raba magudanai. Ruwan cire gashi, mai farar ƙasa da salfaid, dole ya bi hanyarsa dabam da ruwan jima mai tsami, saboda haɗuwarsu tana fitar da iskar gas mai guba wadda kan kashe lebura a cikin ramin da ya shiga yashewa. Sannan muka gina wurin ƙwato kuromiyam, sinadarin da ake jima da shi, tun da kusan kashi ɗaya cikin uku na abin da ake zubawa a gangar jima ba ya kama fata, ruwa yake bi. Ana sa masa maganiziyam oksaid ya kwanta, a narkar da shi da asid, a mayar da shi aiki. Da akanta ya ga kuɗin sayen sinadari ya ragu, gardamar kasafi ta yi sauƙi ƙwarai.

Dokoki ba su yi ƙaranci ba. An kafa NESREA, hukumar tarayya mai tabbatar da bin dokokin kare muhalli, a 2007, ƙa'idojin da suka shafi masaƙu da majemu suka fito a 2009, Tarayyar Turai kuma tun 2015 ta hana sayar da kayan fata masu taɓa jiki idan nau'in kuromiyam mai guba ya kai miligiram 3 a kilo ɗaya. Wahalar tana wajen ɗorewa, musamman da dare idan wuta ta ɗauke, ga man dizil da tsada, mai kula da janareta yana ganin injinan tace ruwa su ne suka fi sauƙin kashewa. Saboda haka muka sa musu mita ta dabam, muka kuma ba mai unguwa da wakilan manoma damar shigowa ba tare da sanarwa ba, su ɗebi ruwa da hannunsu a kai ɗakin gwaji.

Magudanar da muke zubawa ta haɗa majemu da yawa, ƙanana daga cikinsu ba su da ƙarfin gina matata, don haka yanzu rabin lokacina yana tafiya ne wajen zama da masu su kan yadda za mu karɓi ruwan jimarsu a tanka mu tace tare da namu.