Saƙon murya ɗaya ya kusa jawo mana asarar rayuka a rabon kayan azumi a Agege

Duk wanda ya taɓa zama a kwamitin shirya babban taro a cikin Hausawan Legas ya san cewa da zarar an ambaci tsaro, hankalin kowa kan bom da makami yake tafiya. Akwai dalili kuwa, domin da yawa daga cikinmu muna da dangi a Kano lokacin da aka kai hari babban masallacin Juma'a na kusa da gidan Sarki a ranar 28 ga Nuwamba 2014, kuma tun a waɗancan shekaru na'urar bincike ta hannu ta shiga cikin kayan aikin 'yan agaji a masallatai da filayen Idi. Saboda haka da aka ɗora mini nauyin tsaro a rabon kayan azumi da ƙungiyarmu ta shirya a watan Maris na 2025, na tarar an riga an yanke yadda za a kashe kuɗin da aka ware: a yi hayar na'urori, a rufe ƙofofin filin makarantar da muka ara a bar ɗaya tak, kowa ya bi ta hannun mai bincike kafin ya shiga.

A zaman farko na tuna wa dattawa abin da ya faru watanni uku kafin nan. A ranar 18 ga Disamba 2024 yara 35 suka rasu a Ibadan a wani taron nishaɗi da aka yi musu alkawarin kyauta, bayan kwana uku kuma mutum 10 suka rasu a harabar wani coci a Maitama ta Abuja, wasu 22 a Okija ta jihar Anambra, duka wajen karɓar abinci. Kafin su, a azumin 2024, an rasa rayuka a Bauchi wajen rabon zakka. Babu ɗaya daga cikin waɗannan wurare da aka ji ƙarar bindiga ko tashin bom. Amsar da aka ba ni ita ce mu namu da kati ne, kuma amsar tana da ƙarfi, domin masu unguwanni da limamai ne suka tantance zawarawa da marayu da tsofaffi, aka rubuta wa kowa lokacin zuwansa a bayan katinsa. Mun kai takarda ofishin 'yan sanda na yankin, mun sanar da hukumomin jiha kamar yadda gwamnatin Legas ta nema bayan abubuwan Disamba, an turo mana jami'ai kaɗan, mun kafa rumfuna da igiyoyi. Wannan ɓangaren bai ba mu wahala ba.

Abin da babu wanda ya sa a lissafi shi ne saƙon murya na WhatsApp. Daga cikin masu hannu da shuni da suka ba da gudummawa akwai wani Alhaji da ya ɗauki nauyin kaso mai tsoka na shinkafar, kuma a daren jajibirin rabon wani yaronsa ya naɗi saƙo yana yabon maigidansa, ya ambaci sunan filin da lokacin, ya ƙare da cewa duk mai buƙata ya zo, wanda ya riga zuwa shi zai samu. Bai ambaci kati ba ko sau ɗaya. Kafin a yi sahur saƙon ya zaga Mile 12 da Ketu da Idi-Araba, ya kai har Alaba Rago, an kuma samu wanda ya maimaita shi da Yarbanci. Ni ban ji shi ba sai bayan sallar Asuba, lokacin da wani ɗan agaji ya miƙo mini wayarsa a bakin filin, alhali titin gaban makarantar ya riga ya cika babu masaka tsinke, danfo da keke suna ta sauke wasu.

A nan ne tsarin da aka yi don kare mutane ya juya musu. Masu tsara filayen wasa a Ingila suna lissafa cewa hanya mai faɗin mita ɗaya a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa tana wuce da kimanin mutum 80 a minti ɗaya idan babu abin da ya tare su. Mu kuwa a ƙofarmu sai an duba kati, an buɗe jaka, an zaga jiki da na'ura, abin da ba ya kasa daƙiƙa goma sha biyar ga kowane mutum, wato mutum huɗu a minti ga mai bincike ɗaya. Da masu bincike biyu, namiji da mace, mutum takwas ke shiga a minti, su kuma masu isowa ta baya sun ninka haka sau da yawa. Ga shi duk wanda ba shi da kati sai an tsaya ana yi masa bayani, shi kuma ya ciro waya ya kunna mana wancan saƙon a matsayin hujja, kuma ko ya haƙura babu hanyar da zai bi ya koma, domin bayansa a toshe yake.

Mutane da yawa suna zaton tattakewa ce ke kashe mutum a turmutsitsi. Galibi numfashi ne ke yankewa tun mutum yana tsaye. Idan cunkoso ya haura mutum biyar ko shida a murabba'in mita ɗaya, babu wanda ke iko da ƙafarsa, taron yakan riƙa kaɗawa gaba da baya kamar ruwa a cikin kwarya, kuma wanda aka matse da bango ko ƙarfen ƙofa ƙirjinsa ba ya samun sararin buɗewa. Na ga wannan kaɗawar da idona da misalin ƙarfe bakwai, lokacin da na hau katanga. Abin da ya fi tsinka mini zuciya shi ne mata masu goyo, domin matsin da uwa za ta jure na ɗan lokaci jaririn da ke bayanta ba zai jure ba, ita kuma ba ta ganinsa. Waɗanda ke can baya ba su san abin da ke faruwa ba, suna hira suna ɗan matsowa gaba, kowane taku nasu kuma yana zama nauyi a kan tsohuwar da ke manne da ƙofa, wadda ke ɗauke da azumi a zafin Maris na Legas.

Na sauko na sami shugaban kwamiti a rumfa na ce masa, "Ranka ya daɗe, a tsayar da binciken nan, a kuma ba ni makullin ƙofar baya." Ya ce, "Malam, idan aka buɗe baya kayan nan za a wawashe, kuma Alhaji bai iso ba tukuna, masu ɗaukar hoto ma suna hanya." Na ce masa, "Baba, shinkafa ana sayen wata, amma idan yaro ɗaya ya mutu a ƙofar nan, ni da kai ne za mu kwana a hannun 'yan sanda, kuma sunan Hausawan unguwar nan ne zai ɓaci." Ya yi shiru, sannan ya ce makullin yana wurin maigadin makarantar. Maigadin kuwa an aike shi sayen ƙanƙara da ruwan leda. Wani mai walda da shagonsa ke jikin katangar shi ya yanke mana kwaɗon, Allah ya saka masa da alheri.

Amma ban bari an buɗe ƙofar nan take ba, kuma wannan ne abin da nake so masu irin aikina su riƙe. A filin wasa na Hillsborough da ke Sheffield, a ranar 15 ga Afrilu 1989, an buɗe wata babbar ƙofa ne don a rage matsin da ke waje, sai jama'a suka kwarara zuwa wuraren tsayuwa da suka riga suka cika, abin da ya yi sanadin mutuwar mutum 97. Buɗe ƙofa ga taron da ke hango buhuna a jibge gayyatar gudu ce, wanda ya faɗi kuma shi ke nan. Saboda haka muka fara da baya. Na tura 'yan agaji mafiya ƙarfi suka zaga ta lungu zuwa ƙarshen taron, suka ja igiya suka datse masu isowa, jami'an da ke tare da mu kuma suka hana motoci sauke fasinja a bakin titin. Muka sa aka lulluɓe buhunan da tamfol, motar da ke ɗauke da sauran kayan ta fice. Sannan limaminmu ya karɓi lasifika ya yi magana da Hausa, wata makwabciyarmu Bayarabiya mai sayar da abinci ta maimaita da Yarbanci, wani matashi ya faɗa da buroka, magana ɗaya ce kuma gajeriya: ba za a raba komai ga wanda ke tsaye ba, kowa ya zauna a inda yake, daga na baya za a fara.

Kalmar "daga na baya za a fara" ita ta yi aikin, domin ta cire ribar turawa gaba. Na baya suka fara zama, matsin ya sassauta sahu bayan sahu, sai a lokacin muka buɗe ƙofar baya muka riƙa zaro mata masu goyo da tsofaffi ta gefe, rukuni rukuni, zuwa inuwa. Wasu mata sun suma, wata dattijuwa ta samu karaya a hannu, an tsinci yara da suka rabu da iyayensu, takalma kuwa sun cika kwali. Mun kira lambar agajin gaggawa ta 112, kuma duk mai shirya taro a Legas ya kamata ya san wannan lamba da 767, sai dai ya sani cewa motar asibiti ba ta tashi sama, titin da taronka ya toshe shi za ta bi. Da keke muka kai dattijuwar asibiti. Babu wanda ya rasu, kuma har yau idan na tuna sai na yi hamdala.

Masu kati sun karɓi nasu a ranar, waɗanda ba su da shi kuma aka rubuta sunayensu da unguwanninsu aka sallame su da ɗan kuɗin mota daga aljihun 'yan kwamiti, wasu suna zagi, kuma ban ga laifinsu ba, tunda kiran su aka yi. Wanda ya kira su kuwa ya iso da hantsi tare da maigidansa da masu kyamara, abin da ya fara tambaya shi ne dalilin da ya sa aka lulluɓe buhunan da ke ɗauke da hoton Alhaji. Har yanzu bai yarda cewa saƙonsa ya yi wani lahani ba, cewa yake yi alheri ya yaɗa. Na rasa yadda zan fahimtar da shi cewa a garin da mudun shinkafa ya gagari talaka, kalmar kyauta haɗe da sunan wuri da lokaci ta fi ƙarfin duk wani shinge da kwamiti zai iya kafawa, kuma jimlar "wanda ya riga zuwa" umarni ce ga mutane su yi rige-rige.

Ban ce a yar da na'urar bincike ba. Harin da aka kai coci a Owo a watan Yuni na 2022 ya isa ya nuna cewa Kudu maso Yamma ma ba ta tsira daga masu makami ba. Abin da nake cewa shi ne a kai wurin binciken nesa da ƙofa, a sarari mai faɗi, a yi layuka da yawa, a samar da mata masu binciken mata, a kuma bar hanyar da wanda aka mayar zai fita ba tare da ya koma cikin masu shigowa ba. Kowace ƙofar fita a tsayar mata da mutum, kada a rataya mata kwaɗo, kuma mutum ɗaya ya hau sama ba shi da aikin komai sai kallon taron, da ikon tsayar da komai ba tare da jiran isowar babban baƙo ba. Mu mazauna Legas bai kamata a koya mana muhimmancin hanyar fita ba, tunda a ranar 27 ga Janairu 2002, da ma'ajiyar makamai ta barikin Ikeja ta fashe, ɗaruruwan mutane a magudanar ruwa ta Oke-Afa suka halaka suna gudun tsira, ba a inda wutar ta tashi ba.

Bayan Sallah kwamiti ya zauna, aka yi doguwar muhawara, aka amince cewa ba za a sake tara mutane a fili ɗaya ba. Za a raba kayan zuwa ƙananan masallatan unguwanni, kowane liman da jerin sunayensa, a ranaku daban daban, tsofaffi da marasa lafiya kuma a kai musu har gida da dare bayan Tarawihi. Na nemi a rubuta sharaɗi ɗaya a takardar da ake ba masu gudummawa, cewa babu mai sanar da wuri ko lokaci a waya ko a lasifika sai sakataren kwamiti, kuma an rubuta. Da aka kai wa Alhajin takardar ya karanta, ya tambaya ko a ina za a ɗauki hoto a sabon tsarin, aka ce masa babu, sai ya ce zai yi shawara. Kason nasa shi ne mafi girma, saboda haka yanzu muna bin 'yan kasuwar Mile 12 da mahautan Agege ɗaya bayan ɗaya don cike giɓin, kuma wasu a kwamitin suna ganin ni na jawo.