Na gwada tambayar "wane ne ni?"

Na fara gwada hanyar Ramana Maharshi bayan na karanta tarihinsa. Malamin Indiya ne da ya zauna a gindin dutsen Arunachala, a garin Tiruvannamalai, har rasuwarsa a 1950. Aikin da sauƙin faɗa: duk tunanin da ya taso, ka tambayi kanka wa ya zo wa, sannan ka bi sawun wannan "ni" ɗin har inda ya fito. Da sassafe nake yi, kafin gida ya tashi.

Wani abokina da ya karanci falsafa ya ce ai wannan solifsizim ne, wato ra'ayin da ke cewa hankalinka kaɗai ne tabbas, sauran jama'a ƙila mafarkinka ne. Zaman da na yi ya nuna min akasin haka. Mai wancan ra'ayi yana riƙe kansa ya share kowa. Falsafar Adbaita kuwa, wato koyarwar Hindu da hanyar Ramana ke bi, da kai take farawa: sunanka, tunaninka, fushin da ka kwana da shi, duk abubuwan da kake gani ne suna zuwa suna wucewa, don haka ba su ne mai ganin ba. Abin da ya rage, wanda suke kira Atman, ba mallakinka ba ne balle ka ce maƙwabcinka ba shi da shi. Suna ba da misali da tuluna: sararin da ke cikin wannan tulu da na wancan ɗaya ne, yumɓu ne ya raba su.

Shankara, babban malamin wannan mazhaba a wajen ƙarni na 8, shi da kansa ya yi raddi ga 'yan Buda masu cewa babu komai a waje sai tunani. Ya ce farke daban, mafarki daban, domin mafarki yana rushewa da zarar ka farka, bango kuwa yana nan. A wurinsa duniyar mu'amala tana da gaskiyarta a matakinta, da bashi da haƙƙin mutane duka.

Wasu kan haɗa wannan da wahadatul wujudi, wato ra'ayin cewa samuwa ta haƙiƙa ɗaya ce, ta Allah, da ake jingina wa malamin Sufaye Ibn Arabi. Ni dai ina taka-tsantsan, don Ibn Arabi bai daina kiran bawa bawa ba. Abokin nawa har yanzu bai gamsu ba. Cewa yake in babu "ni", wa ke tashi da sassafen?