Yawan ambato da robar fitsari: abin da na koya daga jerin maƙalun wani masani

A shekarar ƙarshe ta digirina na biyu a fannin ƙwayoyin cuta, nan Damagaram, malamin da ke duba aikina ya turo mini shafin Google Scholar na wani masani daga ƙasar waje. Mutumin ya daɗe yana aiki a tsakanin fannoni biyu: cututtukan da bakteriya ke kawowa, da ilimin sarrafa kayan da ake sa wa mutum a jiki, irin su robar fitsari, ƙarfen ɗorin ƙashi da zaren ɗinki. Malam ya ce, "Ƴata, ki karanta mini mutumin nan, ki zo ki faɗa mini wace maƙalarsa ce za ta amfani marar lafiyar da ke kwance a wurinku." Na ce, "To, Malam, in sha Allahu."

Wanda bai saba da irin shafin nan ba, ga yadda yake. Ana jero maƙalun da mutum ya wallafa, a gefen kowacce akwai lambar da ke nuna sau nawa wasu marubuta suka ambace ta a nasu rubutun. A sama kuma akwai lambar h, wadda wani masanin fizik a Amurka, Jorge Hirsch, ya fito da ita a 2005: idan kana da maƙalu 20 da kowacce aka ambata aƙalla sau 20, lambarka 20 ke nan. Ƙirgen ambato kansa ya girmi haka, tun Eugene Garfield da kundinsa na 1964. Yau da wannan lamba ake auna malaman jami'a a ƙasashe da yawa, har ɗalibi kan duba ta kafin ya zaɓi wanda zai yi digiri a hannunsa.

Lambobin mutumin suna da girma, kuma ya cancance su. Sai dai da na ware maƙalun gida-gida na ga wani tsari. Waɗanda suka fi samun ambato iri biyu ne: maƙalun bita, inda yake tattara abin da wasu suka yi, da maƙalun da ke bayyana yadda ake haɗa ƙananan ƙwayoyin azurfa a shafa su a jikin roba domin su kashe bakteriya. Ƴan kaɗan da aka gwada kayan a jikin dabba ko mutum suna can ƙasan jerin. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Mai rubuta maƙala ne ke ambaton maƙala. Likitan da ya karanta ya canza yadda yake kula da marasa lafiya ba ya barin wata alama a Google Scholar. Masu haɗa sinadarai kuwa suna da yawa, suna wallafawa da sauri, kowannensu yana buƙatar abin da zai jingina da shi a gabatarwarsa.

Haka abin yake a kimiyya gaba ɗaya. Da mujallar Nature ta fitar da jerin maƙalu 100 da aka fi ambata a 2014, wadda ta zo ta ɗaya ita ce ta Oliver Lowry ta 1951, a kan hanyar auna furotin, da ambato sama da 300,000. Maƙalar Watson da Crick ta 1953, wadda ta bayyana siffar DNA, ba ta ma shiga jerin ba. Mu ma a ɗakin gwajinmu muna da irin ta Lowry: maƙalar Bauer da Kirby ta 1966, wadda ta tsara yadda ake gwada ƙarfin antibiyotik da ƴan faya-fayan takarda. Kowa yana ambatonta domin kowa yana amfani da hanyar.

Wannan gwaji na san shi a hannuna. Za ka shafa ƙwayar cutar a faranti mai ɗauke da abincinta, ka ɗora faifan maganin da ɗan hantsaki, ka sa a na'urar ɗumi a ma'auni 35 zuwa 37, ka yi fatan kada a ɗauke wuta cikin dare. Da safe ka ɗaga farantin wajen haske. Inda maganin ya yi aiki za ka ga da'ira tsaf, babu abin da ya tsiro, ka ɗora rula ka ƙirga milimita. Yawancin maƙalun azurfa da na karanta, na mutumin nan da na waɗanda suka ambace shi, a nan suke tsayawa. Akwai ɗimbinsu da aka haɗa azurfar da ruwan ganyen zogale ko na dogon yaro, aka sami da'ira mai kyau, aka rubuta cewa abin zai yi maganin cuta.

Amma jikin mutum ba faranti ba ne, kuma a nan ne karatun ya fi yi mini amfani. Tun 1957 Elek da Conen a Landan suka nuna cewa ana buƙatar ƙwayar stafilokok sama da miliyan kafin ta yi ƙurji a fatar mai lafiya, amma idan akwai zaren siliki a wurin, kimanin 100 sun isa. Kasancewar baƙon abu a jiki kawai ya rage abin da ake buƙata kusan sau 10,000. A 1987 likitan ƙashi Anthony Gristina ya bayyana abin a matsayin rige-rige: da zarar an sa ƙarfe ko roba, ƙwayoyin jikin mutum da bakteriya kowa yana neman ya riga kama wurin. Idan bakteriya suka riga, sai su manne, su fitar da wani yauƙi su lulluɓe kansu, kamar yauƙin da ke kama cikin randar da aka daɗe ba a wanke ba. Masanin ƙwayoyin cuta Bill Costerton ya yi shekaru yana jan hankalin likitoci ga wannan yauƙi, tun daga 1978, kuma an nuna ƙwayar da ke cikinsa tana iya jure magani har ninki 1,000 fiye da ƴar'uwarta da ke yawo a ruwa.

Na taɓa karɓar robar fitsari da aka cire wa wani dattijo bayan ta toshe. Da muka tsaga ta, cikinta ya cika da wani farin ɓawo mai tsakuwa-tsakuwa, ga warin da ke hawa kai. Aikin wata ƙwaya ce mai suna Proteus mirabilis. Tana farfasa sinadarin yuriya na fitsari, ammoniya ta fito, fitsarin ya canza, gishirin da ke narke a cikinsa ya daskare a jikin robar. Ko da an shafa wa robar azurfa, tun a awannin farko furotin da gishirin jiki suke rufe fuskarta, sinadarin kuloraid na fitsari kuma yana kama azurfar ya rage mata ƙarfi. Ƙwayar sai ta zauna a kan wannan shimfiɗa, ba ta ma taɓa azurfar ba.

An gwada abin a kan mutane. A 2012 mujallar The Lancet ta wallafa wani babban gwaji da aka yi a asibitoci 24 na Birtaniya, da marasa lafiya kimanin 7,000. Robar da aka shafa wa azurfa ba ta rage cutar mafitsara ba idan aka kwatanta da robar da aka saba. Wannan maƙala guda ta fi mini dubun da'irori a faranti nauyi, domin ita ce ta amsa tambayar da mai sayen kayan asibiti zai yi kafin ya kashe kuɗin jama'a. Ba ina cewa azurfa ba ta da amfani ba; tun 1968 ake shafa man azurfa a ƙuna. Jan ƙarfe ma, irin wanda aka riƙa haƙowa a Azelik ta jihar Agadas, hukumar kare muhalli ta Amurka ta amince a 2008 cewa yana kashe bakteriya a busasshiyar fuska kamar mariƙin ƙofa. Kowane abu da inda yake aiki, kuma lambar ambato ba ta faɗa maka inda ne.

Da na koma wurin Malam na nuna masa maƙalu biyu daga ƙasan jerin, waɗanda aka bar roba a jikin dabba na makonni aka ƙirga ƙwayoyin da suka manne. Ya duba ya ce, "Madalla. Yanzu nemo mini abin da aka rubuta a kan namu marasa lafiyar."

Nan na ga ɗaya gefen lamarin, wanda ya fi damuna. Binciken da The Lancet ta wallafa a 2022 ya ƙiyasta cewa bijirewar bakteriya ga magani ta kashe mutum miliyan 1.27 kai tsaye a 2019, kuma yankin da ya fi kowanne yawan mace-mace idan aka auna da yawan jama'a shi ne Afirka ta Yamma, mutum 27.3 cikin kowane 100,000. Masu binciken da kansu sun ce bayanan da suka samu daga ƙasashe irin namu kaɗan ne. Abin da aka rubuta a kan Nijar ba shi da yawa, amma yana da nauyi. Wani bincike na 2011 a kan yara masu tamowa da aka kwantar a Maraɗi ya gano kusan kashi ɗaya cikin uku suna zuwa da ƙwayoyin hanji masu karya manyan magunguna, sannan mafi yawan sauran suna ɗaukarsu kafin a sallame su. A 2016 wani gwaji a Madarunfa ya nuna ba wa duk yaro mai tamowa marar tsanantar ciwo amoksisilin bai ƙara yawan masu warkewa ba. Mu da muka ga sanƙarau ya ratsa jihar Damagaram a ƙarshen 2022 da farkon 2023, mun san darajar sanin wace ƙwaya ce ke yawo, da wane magani ke cin ta.

Irin wannan bayani yana nan kwance a manyan rajistocin ɗakunan gwaji, an rubuta da biro. Idan aka tattara shi aka wallafa, wataƙila mutum goma ne za su ambace shi, amma shi zai gaya wa likita ko maganin da yake rubutawa kullum yana aiki har yanzu. Hanyar wallafawar kuma ba mai sauƙi ba ce. Da Faransanci muka yi karatu, manyan rumbunan ƙirgen ambato kuwa Ingilishi suka fi ɗauka. Mujallar Nature ta sa yuro 9,500 a 2021 ga mai son a buɗe maƙalarsa kowa ya karanta, sama da sefa miliyan 6 ke nan. Malamanmu kuma dole su tara maƙalu su kai wa CAMES, hukumar da ke tantance malaman jami'a, a Wagadugu kafin su sami ƙarin girma, don haka ba na ganin laifin wanda ya bi abin da ke saurin fita. Tun 2012 wasu masana suka tsara wata sanarwa a San Faransisko suna kira a daina auna mutum da sunan mujallar da ya wallafa a ciki, a karanta aikin kansa. Ina goyon bayansu, ko da yake na san karatun yana cin lokaci, lambar kuwa kallo ɗaya ce.

Har yanzu ina buɗe irin waɗannan shafuka, domin suna nuna mini inda zan fara nema. Bayan nan sai in tafi sashen hanyoyin bincike in duba: a faranti aka yi, ko a fitsari da jini, ko a jikin mai rai, kuma na tsawon wane lokaci, da wace ƙwaya, ta ajiyar ɗakin gwaji ko wadda aka ciro daga marar lafiya.

Maudu'in kundina ma ya canza. Na bar shirin haɗa azurfa da ganye, na koma ga gwajin fitsarin masu roba. Abin da aka fi tabbatarwa a fannin shi ne kowace rana da roba ta ƙara a jiki, haɗarin shigar ƙwaya yana ƙaruwa da kashi 3 zuwa 7 cikin 100, kuma bayan wata guda kusan kowa ya ɗauka. Takardar da ke rako fitsari zuwa ɗakin gwajinmu ba ta da gurbin ranar da aka sa robar. Na roƙi shugabar ma'aikatan jinya, na ce, "Hajiya, don Allah a riƙa rubuta mana ranar a gefen takarda." Ta ce za ta faɗa wa yaranta, kuma sun fara. Yanzu duk sakamakon da ya fito ina shigar da shi a kwamfuta tare da yawan kwanakin robar, sunan ƙwayar, da milimitar kowane faifai.