Idan jirgi ya dira amma ya ƙi rage gudu

Ƙannena da ke koyon tuƙin jirgi a Zariya, da ku da kuka samu kujerar dama, wato ta mataimakin matuƙi, kwanan nan, ina so mu yi magana kan daƙiƙun farko bayan taya ta taɓa kwalta. A makaranta hankalin kowa yana kan yadda zai dire jirgi a hankali har fasinja su tafa. Amma jirgin fasinja irin A320 ko 737 yana dira da gudun kusan kilomita 250 a awa, wato duk daƙiƙa guda yana cinye kusan mita 70 na titi. Ka yi daƙiƙa 5 kana wasi-wasi, mita 350 sun tafi ke nan.

Birkin taya da kowa ya sani ba ya tsayar da jirgi shi kaɗai. Sifoila, wato faifayen nan da ke miƙewa a saman fukafukai, su ke kashe ɗagawar da iska ke yi wa jirgi, su sauke nauyinsa a kan tayoyi. In ba su tashi ba, jirgin yana ƙasa ne a ido kawai, nauyinsa na rataye a fiffike, ko ka taka birki har ƙasa tayar ba ta da abin da za ta riƙe. Duk direban tirela ya san motar da ba kaya ta fi zamewa a jiƙaƙƙiyar kwalta. Sannan ga ribas ɗin inji, wato juya ƙarfin injin ya riƙa jan jirgi baya, wanda ya fi amfani tun gudun yana da yawa.

Ina mataimakin matuƙi na yi wautar da ta sa nake wannan rubutu. Da yamma ne cikin damina, ruwa bai daɗe da ɗaukewa ba, titin sai ƙyalli yake. Jirgin tsoho ne, irin wanda in ba ka ɗana sandar sifoila kafin sauka ba, ba za su tashi da kansu ba. Muna tsakiyar karanta takardar duba kayan sauka sai hasumiya ta kira mu, na amsa, da na dawo kan takardar sai na ci gaba daga inda nake zaton na tsaya. Layin sifoila ne na tsallake. Kyaftin ke tuƙi, dattijo ne da ya haife ni, wanda ya koyar da waɗanda suka koyar da ni. Nawa aikin shi ne in sa ido in riƙa faɗa da baki: sifoila sun tashi, ribas ya buɗe, gudu na raguwa. Muka dira lafiya lau. Na kalli sandar, tana nan inda take, kuma ban ji fizgar nan da bel ke yi a ƙirji ba in birki ya kama. Na gani sarai. Sai na tsaya ina ce wa raina ai Kyaftin ya gani, wane ni in tuna masa, kada in ɗaga murya a banza in ji kunya. Shi kuwa idonsa na waje, a kan layin tsakiyar titi, inda ya kamata ya kasance. Sai da ya ji abin a jikinsa ya kai hannu ya ja sandar, ya taka birki da ƙarfi. Muka tsaya jajayen fitilun ƙarshen titi na gabanmu, har ana iya ƙirga su.

Bayan fasinja sun fita ya juyo ya ce, "Ka gani ko ba ka gani ba?" Na ce, "Na gani, ranka ya daɗe." Ya ce, "To ladabinka ka ajiye mini sai mun sauka ƙasa. A nan ciki bakinka nake buƙata." Mantuwar bai ma tsaya a kanta ba, don kowa na mantuwa, shi ya sa aka zaunar da mutum biyu. Shirun ne ya ɓata masa rai. Mu da aka rene mu da kawaici a gaban manya, wannan ciwo ya fi kama mu, kuma maganinsa shi ne ka saba wa bakinka da faɗar abin da ka gani a kowace sauka, har ya zama yana fita ba tare da ka nemi izinin zuciyarka ba. In an katse ka a tsakiyar takardar dubawa kuma, koma farkonta.

Irin wannan mantuwa ce ta faru a Little Rock ta Amurka ranar 1 ga Yuni 1999, lokacin da wani MD-82 na kamfanin American Airlines ya sauka cikin hadari ba a ɗana sifoila ba. Ya zarce titi, mutum 11 suka rasu, har da kyaftin ɗin.

Wanda ya fi kamata ku karanta da kyau shi ne na filin Congonhas a Sao Paulo ta Brazil, ranar 17 ga Yuli 2007. A320 ne na kamfanin TAM, an kulle ribas ɗin injinsa na dama saboda matsala, kuma doka ta yarda a tashi a haka. Titin gajere ne, bai kai kilomita 2 ba, an sake masa kwalta ba a kai ga yanka masa layukan da ke janye ruwa ba, ga ruwan sama. Da suka dira, aka ja totur ɗin hagu zuwa ribas, na dama ya zauna a matsayin ba da wutar hawa sama. Kwamfutar jirgin kuwa ba ta sakin sifoila sai ta ga an janye totur duka biyu, kuma birki mai kama kansa yana jiran sifoila ne. Sai ya zama inji ɗaya na ja baya, ɗaya na tura gaba, ba sifoila, ba birki mai kama kansa. Mataimakin ya faɗa cewa sifoila ba su tashi ba, amma ba wanda ya gano dalili kafin titi ya ƙare. Jirgin ya karkata hagu, ya tsallake babban titin mota ya daki wani gini na kamfanin. Mutum 199 suka mutu, 12 daga cikinsu a ƙasa suke. Birkin jirgin nan lafiyarsa ƙalau. Don haka in kuka ji jirgi ya ƙi tsayawa, kafin ku zargi birki ku kai ido da hannu kan totur. In kuma kun karɓi jirgi da wani abu a kulle, ku zauna tun kafin a fara gangarowa ku faɗa wa juna da baki yadda hannu zai motsa bayan an dira.

Wani lokaci kuma birkin ne da kansa ya mutu. A jiragen A320 matakan suna cikin waɗanda ake haddacewa, don babu lokacin buɗe littafi: ribas har ƙarshe, ɗage ƙafa daga birki, kashe na'urar hana taya kullewa don a koma kan birkin ko-ta-kwana, sake takawa a hankali kada matsin ya wuce psi 1,000 a agogon matsin birki, in duk bai yi ba a riƙa ɗan jan hambirki ana saki. Matakin ɗage ƙafa shi ne mai wuya, domin jiki ba ya yarda ya saki birki alhali ƙarshen titi na tahowa. A na'urar gwajin tuƙi na bar ƙafata a danne aka kashe na'urar hana taya kullewa, matsin ya shiga gaba ɗaya, tayoyin suka fashe. Malamin bai ce komai ba, ya mayar da mu farkon titi kawai. Kowane jirgi da nasa tsari, ku haddace na wanda kuke tuƙawa.

Sai maganar fasa sauka. Muddin ba ka buɗe ribas ba, kana da damar ba da wuta ka koma sama, kuma in ka ga ka wuce wurin dira a jiƙaƙƙen titi, yi hakan, ba wanda zai tuhume ka kan man da ka ƙona. Da zarar ribas ya buɗe kuwa, wannan ƙofa ta rufe. A Cranbrook ta Kanada a 1978, wani 737 ya dira ya buɗe ribas, sai matuƙan suka hango motar share ƙanƙara a kan titi suka sake tashi. Ribas ɗin injin hagu bai gama rufewa ba, ya sake buɗewa suna sama, jirgin ya kife, sama da mutum 40 suka rasu.