Yadda aka sayar da 'yan takararmu ana saura kwana biyu zaɓe

Na ajiye muƙamina na sakataren tsare-tsare a ƙaramar jam'iyyarmu, kuma tun da 'yan'uwa suna ta tambaya ko zuga ni aka yi, gara in faɗi abin da na gani a zaɓen majalisar jiha na 2023 kowa ya ji. Ba zan kama sunan kowa ba. Waɗanda muka sha rana tare sun san wanda nake nufi.

Cikin kujeru 40 na majalisar dokokin Kano, 'yan takara uku aka damƙa mini. Na farko malamin firamare ne da ya ajiye aikinsa, domin tsarin mulki ya ce ma'aikacin gwamnati sai ya sauka aƙalla kwana 30 kafin zaɓe. Ta biyu, Hajiya, tela ce mai koya wa 'yan mata ɗinki a zauren gidansu. Na uku matashi ne ɗan adaidaita sahu, wanda gyaran dokar 2018 da ya rage shekarun takarar majalisar jiha daga 30 zuwa 25 ya buɗe wa ƙofa. Babu wanda ya yaudari kansa cewa za mu kayar da manya. Burinmu shi ne mu fito da ƙuri'un da za a ƙirga a gani, mu san unguwannin da muke da mutane, mu ɗora gini a kai.

Jarinmu tarihi ne. Duk gidan da muka yi sallama, da NEPU ta 1950 muke farawa, mu gangaro kan PRP ta Malam Aminu Kano, yadda ta ci Kano da Kaduna a 1979, da yadda Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke haraji da jangali. Dattawa sukan shimfiɗa mana tabarma, wani har ya share ƙwalla. Matasa kuwa sai su bari mu gama su ce, to yanzu fa? Malam, ɗan takararmu na farko, shi ne ya fara gane cewa tarihin yana buɗe ƙofa ne kawai. Sai ya koma maganar ajin da yara suka cika suna zaune a ƙasa, da asibitin unguwa da ake rubuta wa mutum magani ya je ya saya a kemis. Daga nan aka fara sauraronsa da gaske.

Shugabanmu na yanki, wanda duk muke kira Baba, ya ga zamanin PRP da idonsa. Ya san rikicin 'yan santsi da 'yan taɓo, ɓangarori biyun da PRP ta rabu, kamar jiya aka yi, yana ba da labarin tsige Balarabe Musa a 1981 har jikin mutum ya yi sanyi. Saboda haka babu wanda ya ga laifi da aka bar masa lambar sirrin shafin da ake ɗora sunayen wakilan akwati. Dokar zaɓe ta 2022 ta ce jam'iyya ce ke miƙa sunayen, aƙalla kwana 14 kafin zaɓe. Mu muka bi gida-gida muka nemo mutanen, muka karɓi hotunansu, wasu da kuɗinmu muka kai su wajen mai hoto, a lokacin da canjin kuɗi ya sa naira dubu ta gagari magidanci. Muka kai wa Baba a cikin ambulan, ya sa mana albarka.

Katin wakilan bai zo ba. Yau a ce gobe, gobe a ce ana tantancewa. Da hukumar zaɓe ta ɗage zaɓen gwamna da majalisar jiha daga 11 zuwa 18 ga Maris domin sake saita na'urar tantance masu zaɓe ta BVAS, sai muka ce alhamdu lillahi, an samu mako guda.

Ranar Alhamis 16 ga wata, bayan magariba, wayata ta fara ƙara ba ƙaƙƙautawa. Baba ya shiga rediyo ya sanar cewa jam'iyyarmu ta janye 'yan takararta a yankin, ta mara wa wata babbar jam'iyya baya, wai domin maslahar talaka. Babu ɗan takara ɗaya da aka tuntuɓa. Malam a masallaci ya ji, daga bakin wani da ya zo yi masa jaje.

A dokar zaɓe ta 2022, maganar nan ba ta da ƙafa. Ɗan takara da kansa ne yake janyewa, a rubuce, kuma ba a ƙasa da kwana 90 kafin zaɓe ba. Alamar jam'iyyarmu tana nan daram a takardar ƙuri'a. Amma wa zai bi unguwa-unguwa ya yi wannan bayanin? An zaɓi lokacin ne da gangan, domin da ƙarfe goma sha biyun daren nan ake rufe yaƙin neman zaɓe. Washegari Juma'a, duk abin da muka faɗa a fili ana iya cewa kamfe ne. Muka zuba saƙonni a WhatsApp da Facebook, amma matan da Hajiya ta yi watanni tana shiga gidajensu rediyo suke saurare.

A daren na je gidansa. Na tarar da motoci biyu da ban sani ba a ƙofa. Na durƙusa na gaishe shi yadda na saba, na ce, "Baba, ranka ya daɗe, da wa aka yi shawarar nan?" Ya dube ni ya ce, "Yaro, ku ba ku san siyasa ba. Da a tashi a tutar babu, ai gara a samu wani abu a riƙe ofis." Na ce, "Baba, Malam ya ajiye aikinsa." Ya ce Allah zai ba shi wani. Iyakar abin da ya ce ke nan a kan mutumin da ya bar albashi da fansho saboda maganarsa.

Sai ranar Asabar na gane cinikin ya wuce sanarwar rediyo. A wata rumfar zaɓe da ke harabar firamare na ga wani saurayi rataye da kati mai alamar jam'iyyarmu. Ban taɓa ganinsa ba. Na tambaye shi sunan ɗan takararmu na mazaɓar, ya yi shiru, ya waiga yana neman wanda ya kawo shi. Wakilinmu na gaskiya, wanda ya biya kuɗin hoto daga aljihunsa, yana tsaye can bayan katanga ba kati. Haka na tarar a rumfa bayan rumfa. Wanda bai yi wannan aikin ba ba zai san darajar katin nan ba. Babbar jam'iyya da ta saye shi ta samu mutum biyu ko uku a cikin rumfa a maimakon ɗaya, kuma idan an gama ƙirga, ga sa hannun wai ɗan adawa a kan takardar sakamako ta EC8A yana shaida cewa komai ya tafi daidai. Kwafin da ya kamata ya zo hannunmu aljihun wasu ya shiga. Ana cewa a kasa, a tsare, a raka. Mu kasawar kaɗai aka bar mana.

Jam'iyyu biyu suka raba kujerun majalisar tsakaninsu, kuma ban ce da ba a yi mana haka ba da mun ci ko ɗaya. Abin da aka ƙwace mana shi ne sanin ƙarfinmu. Har yau babu wanda zai iya gaya wa Hajiya ko matan nan sun fito sun dangwala mata, ko sun zauna a gida saboda sun ji an janye. Duk da haka, a rumfar ƙofar gidan Malam, inda maƙwabtansa suka tsaya da kansu har aka ƙirga a gaban idonsu, mun zo na uku, kuma da wuya ka sami wanda aka ba ko ƙullin taliya a cikin waɗanda suka zaɓe shi. Wannan ina alfahari da shi.

Mun kai ƙorafi sama. Aka kafa kwamiti, aka ce a yi haƙuri, Baba dattijo ne, kada a tona asirin gida. Mutanen da za su kwana suna musu a kan jari-hujja da gurguzu, ba wanda ya yarda ya buɗe baki ya tambayi nawa aka karɓa, kuma ina kuɗin.

Sauran darussan gajeru ne. Fosta asarar kuɗi ce ga ƙaramar jam'iyya, kafin gari ya waye an liƙa wata a kanta. Mace ɗaya mai shiga gidaje ta fi gangamin maza hamsin. Kada a tsayar da 'yan takara a mazaɓun da ba a da mutanen tsaron akwati, gara ɗaya a riƙe ta da kyau. Kuma kada wanda yake da aikin gwamnati ya ajiye shi sai ya ga komai a rubuce.

Matasa biyu sun zo mini kwanan baya suna son tsayawa a zaɓe mai zuwa. Na ce su tsaya, amma kafin su biya kuɗin fom su tambaya wa ke riƙe da shafin ɗora wakilai, wa ke sa hannu a asusun banki, kuma wa ke da ikon magana da sunan jam'iyya a rediyo. Idan duka ukun a hannun mutum ɗaya suke, komai furfurarsa, su nemi a raba tun yanzu. Malam yana koyarwa a wata makarantar kuɗi a kan albashin da bai kai na da ba. Baba yana nan a kujerarsa, kuma duk ranar 17 ga Afrilu, idan ana tunawa da rasuwar Malam Aminu, a sahun gaba yake zama. Ban yafe abin da aka yi wa mutanen nan uku ba, kuma ba zan sake ɗaukar ambulan in kai masa ba.