"Kamar an taɓa yin haka": daga ina wannan jin yake zuwa, kuma yaushe ya kamata a ga likita

Kana zaune a fada bayan la'asar, mai dafa shayi ya ɗaga buta sama yana zuba na biyu, ɗan kabu-kabu ya wuce, abokinka ya buɗe baki zai yi magana, sai ka ji a ranka duk wannan an taɓa yin sa: butar nan, ƙarar babur ɗin nan, har kalmar da zai faɗa. Kafin kumfa ta kwanta a kofi abin ya wuce, ya bar ka da mamaki.

Duk wanda ya yi boko a Damagaram ya san sunansa da Faransanci, déjà vu, wato "an riga an gani". Wani Bafaranshe, Émile Boirac, ya yi amfani da sunan tun 1876. Mu dai mukan ce "kamar na taɓa ganin wannan". A 2003 Alan Brown na Amurka ya tattara binciken da aka yi a kai, ya ga kusan mutum biyu cikin uku sun san abin. Ya fi zuwa wa matasa 'yan shekara 15 zuwa 25, yana raguwa da girma. Gajiya, ƙarancin barci, damuwa da yawan tafiye-tafiye suna ƙara shi, don haka ɗalibin da ke kwana karatun jarrabawa kada ya tsorata in ya zo masa.

Tunawa aiki biyu ce. Ka haɗu da mutum a kasuwar Dole, ka san fuskar nan sarai, amma ka rasa inda ka san ta. To, wani sashe na ƙwaƙwalwa ne ya ce "na san wannan", wani kuma aikinsa ya kawo bayani: a ina, yaushe, da wa. Dukansu suna can ciki ta gefen kai, saitin kunne. Mai kawo bayanin shi ake kira hifokamfus, mai cewa "na sani" kuwa ɓawon ƙwaƙwalwa ne da ke maƙwabtaka da shi. Wani lokaci mai cewa "na sani" yakan yi azarɓaɓi, mai kawo bayanin ya duba bai sami komai ba, sai gaban ƙwaƙwalwa ya ce wannan ba zai yiwu ba, yau ne karon farko. Shi ya sa kake jin ka san abin, kuma kana sane cewa jin nan ba gaskiya ba ne.

An gwada an gani. Likita Wilder Penfield a Kanada yana yi wa masu farfaɗiya aikin ƙwaƙwalwa idonsu biyu, in ya taɓa wannan gefen da 'yar wutar lantarki kaɗan, wasu sukan ce komai ya zama kamar sun taɓa ganinsa. A 2004 likitoci a Marsai ta Faransa sun nuna cewa taɓa ɓawon nan ya fi jawo jin fiye da taɓa hifokamfus ɗin kansa.

Bayanin da ya fi gamsar da ni ga masu lafiya shi ne na wata mai bincike, Anne Cleary. A 2012 ta zagaya da mutane cikin wurare na kwamfuta, sannan ta nuna musu sababbi masu kaya daban amma jerin kayan iri ɗaya da na farko. Sai jin ya ƙaru, alhali sun kasa tuna wurin farkon. Mu nan ba ma buƙatar kwamfuta. Gidajen Birni da na Zango tsarinsu kusan ɗaya ne: zaure, 'yar kwana, tsakar gida, randa a gindin itace, turmi a gefe. Ka je gaisuwa wani gida a Mirya ko Matamaye karon farko, ido ya ga jeri irin na gidan kakarka, ƙwaƙwalwa ta gane jerin ta kasa gane gidan.

Jin cewa ka san abin da zai biyo baya fa? Cleary ta gwada wannan a 2018: ta tambayi mutane hagu za a juya ko dama. Sun ji suna da tabbas, amma amsarsu ba ta wuce canki-canki ba. In ya zo maka, faɗi abin da zai faru da baki tun bai faru ba, ka gani. Mai cewa a mafarki ya gani kuwa, ya riƙa rubuta mafarkinsa da asuba da kwanan wata, sai a sami abin kwatantawa.

Inda hankali ya kamata ya tsaya shi ne farfaɗiyar da ke tasowa daga wannan gefen ƙwaƙwalwa, don sau da yawa da wannan jin take farawa, kuma ba lallai mutum ya faɗi yana shure-shure ba. Na mai lafiya 'yan daƙiƙoƙi ne, jefi-jefi a shekara, ba ya barin komai. Na ciwo yakan dawo sau da dama a mako ko a wata, kullum iri ɗaya, tare da wani abu mai tasowa daga ciki zuwa maƙogwaro, ko tsoro ba dalili, ko wari ko ɗanɗanon da babu shi. Na kusa sukan ga mutum ya ƙura ido, yana tauna ko lasar leɓe, yana murza riga, a kira shi bai amsa ba, na rabin minti zuwa minti biyu. Bayan nan ya ruɗe, ya gaji, bai tuna abin da ya faru ba. A gida akan ce iska ce, a yi shekaru ana hayaƙi, alhali sau da yawa tabo ne a ƙwaƙwalwa. Sanƙarau, zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa kai, wahalar haihuwa da buguwar kai a hatsarin babur duk suna barin irinsa. Tramol kuma yana tayar da jijjiga ko ga wanda bai taɓa yi ba.

Wanda ya ga waɗannan alamu ya fara da asibitin unguwa, in da buƙata a tura shi babban asibitin Damagaram. Ya tafi da wanda ya taɓa ganin abin da idonsa, da takarda mai ɗauke da rana, lokaci, tsawon abin, da barcin daren da ya gabata. Bidiyon waya yana taimaka wa likita ƙwarai. Gwajin wutar ƙwaƙwalwa na iya fitowa lafiya ga mai ciwon, saboda haka labarin shaida na da nauyi. Kafin a tantance, a bar tuƙin babur, hawa bisa, da zama bakin rijiya ko murhu shi kaɗai.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 70 cikin 100 na masu farfaɗiya za su iya daina faɗuwa in sun sami magani daidai. Inda ake kuskure shi ne dainawa farat ɗaya don an ji sauƙi ko kuɗi sun ƙare, wanda ke dawo da ciwon da ƙarfi. Mace mai ciki ko mai shirin ɗauka ta gaya wa likita tun farko, don wasu magungunan suna cutar da ɗan tayi. In mutum ya faɗi, a kwantar da shi ta gefe, a sa tsumma ƙarƙashin kansa, kada a danne shi, kada a cusa cokali ko ruwa a bakinsa. Yawu ba ya yaɗa ciwon. In jijjiga ta wuce minti 5, a ɗauke shi zuwa asibiti nan take.