Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Haddar Kirsimeti a Tabarmar Inna

Makon jiya na tsaya a kan auren Yaya, amma Nuwamba ya kama, kuma ba ya kamawa ban tuna da tabarmar Inna ba. Ku yi haƙuri, 'yan'uwa, auren zai jira.

Inna takan ce, "Ayar da aka ɗura wa yaro da dare, da safe yake amayar da ita." A ƙauyenmu na wajen Malumfashi, kowane gida a ikkilisiya yakan fito da yara su yi hadda ranar Kirsimeti, kuma namu ba su taɓa cijewa ba. Ga yadda take yi.

Sashen da take ɗauka shi ne Luka 2:8-14, labarin makiyaya da mala'ika. Ayoyi 7 ne, saboda haka mako 7, aya ɗaya kowane mako. In aka fara a makon farko na Nuwamba, ana gamawa wajen 20 ga Disamba, sauran kwanakin na tilawa ne. Lokacinta bayan tuwon dare, tun kafin a wanke kwanuka, domin sanyin hunturu na shiga yaro sai gyangyaɗi. Ba ta wuce minti 15. Waƙa ɗaya daga Littafin Waƙoƙi, sai babba ya karanta ayar sau uku a hankali, sannan a yanka ta gaɓa-gaɓa yara suna maimaitawa. Kowane dare daga aya ta 8 ake tasowa. Wanda ya tsallake wannan, zai tarar a mako na biyar farkon ya zube.

Ɗan ƙasa da shekara biyar ba a ba shi duka. Aya ta 11 kawai, wadda ta ce an haifi Mai Ceto a birnin Dawuda. Kuma kafin yaro ya haddace sai Inna ta tambaye shi: su wa ke tsoro, me ya tsoratar da su? In bai iya amsawa ba, ba a ci gaba.

Abin da ya fi ɓata hadda shi ne haɗa fassara biyu. Littafin Inna tsohuwar fassarar 1932 ce, bangonsa ya mutu har ta ɗinke shi da ƙyallen atamfa. Kalmominta ba ɗaya suke da na fassarorin baya ba. Yaro ya ji wannan a gida, ya ji waccan a makarantar Lahadi, sai harshensa ya sarƙe a tsakiya. A tambayi malamin wacce yake amfani da ita tun mako na farko.

Nan ne har yau raina yake sosuwa. Shekaru da yawa bayan rasuwar Inna, matar ƙanena ta ce mini, "Yaya, wannan duk wahalar da ce, yanzu a waya ake yi." Ranar 24 ta miƙa wa yarinyarta waya da wata fassara dabam. Washegari yarinyar ta tsaya gaban jama'a cikin sabon ɗinki, ta kai aya ta 9, ta tsaya tana murza bakin rigarta har hawaye suka zubo. A gida kuma aka yi mata faɗa. Ita da aka ɗura wa da dare, me ta yi?

Na manta ban faɗi na makon ƙarshe ba. Inna takan tsayar da yaro a bakin zaure, ita ta zauna can gindin murhu. In ba ta ji kowace kalma daga can ba, a sake. Ba ta riƙe bulala a kan Maganar Allah. In yaro ya kakare, kalma ɗaya take jefa masa ta yi shiru.

Jikokina uku sun fara aya ta 8 shekaranjiya. Maganar watandar naman Kirsimeti da auren Yaya sai mako mai zuwa, in Ubangiji ya kai mu.